Hawan Duwatsun Filato da Motar Haya: Yadda Za Ka Je Ka Dawo Kafin Duhu

Mai motar kansa in ya makara a kan dutse, iyaka ya sauko ya kunna fitila ya kama hanyar gida. Wanda ya zo a motar haya kuwa, in ya makara da rabin awa kawai, yana iya iske bakin titi wayam, motar ƙarshe ta wuce, ƴan acaɓa sun tashi, ga sanyin Filato yana saukowa. Saboda haka duk shirin da ke ƙasa a kan abu ɗaya ya ginu: kafin ka san dutsen da za ka hau, ka san motar da za ta dawo da kai.

Garin Jos yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku, kuma duwatsu sun kewaye shi. Da yawansu titin mota na bi ta gindinsu ko kusa da shi, shi ya sa ba sai kana da mota ba. Abin da ake bukata shi ne lissafi.

Fara lissafi daga baya

Tambaya ta farko a tasha ba kuɗin mota ba ce. Ka sami direba ko ɗan kamasho na layin da za ka bi ka ce, "Malam, daga can motar ƙarshe ƙarfe nawa take tasowa?" Ka tambayi mutum biyu ko uku, kowa daban. In ɗaya ya ce biyar, ɗaya ya ce shida, ka riƙe biyar, sannan ka cire awa ɗaya. Ƙarfe huɗu ke nan ya kamata ya same ka tsaye a bakin titi. Dalilin cire awar shi ne motocin ƙauye ba agogo suke bi ba, cika suke bi. Ranar da fasinja ya yi yawa da wuri, motar ƙarshe ma da wuri take tafiya. Kuma wanda ke tsaye a tsakiyar hanya sai motar da ke da gurbi, ita ce za ta tsaya masa.

Daga nan sai ka auna tafiyar ƙafa. A ƙasa mai duwatsu da ciyawa, ka ɗauka mutum mai lafiya yana cin kilomita 4 a awa. Ka ƙara awa ɗaya a kan kowane mita 500 na hawa. Ka ƙara awa ɗaya ta hutu, cin abinci da salla. In akwai wanda bai saba ba a cikinku, ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kan jimillar, domin ayari da tafiyar mai rauninsa yake tafiya.

Misali, zagaye mai kilomita 10 da hawan mita 500: awa biyu da rabi na tafiya, awa ɗaya ta hawa, awa ɗaya ta hutu, awa huɗu da rabi ke nan. Da sabon shiga a cikinku ya kusa awa shida. In ƙarfe huɗu za ka kasance a bakin titi, to ƙarfe goma ya zama ka riga ka fara taka dutse, wato ka isa tasha kafin bakwai, don jiran cikar mota kaɗai yana iya cin awa guda.

Abu na ƙarshe a lissafin shi ne lokacin juyawa. Ku tsayar da shi tun kuna ƙasa, kowa ya ji da kunnensa: ƙarfe ɗaya, ko mun kai ƙololuwa ko ba mu kai ba, juyowa za mu yi. A nan ne aka fi samun matsala, domin a kan dutse ƙololuwa kullum kamar ga ta nan take. Ka hau tudun da kake tsammani shi ne na ƙarshe, sai ka ga wani a bayansa.

Wane wata, wace rana

Damina a Filato tana kamawa daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, ruwa ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta. A waɗannan watanni dutse yana da santsi, ƙorama tana cika cikin ƴan mintuna, hadari kuma yakan haɗu da rana tsaka zuwa la'asar, wani lokaci har da ƙanƙara. In dole sai da damina, ka hau da sassafe ka sauko kafin azahar.

Lokacin da ya fi shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba. Ruwa ya ɗauke, dutse ya bushe, ƙasa ba ta gama rasa korenta ba, kuma hazo bai yi kauri ba tukuna. Aibinsa ɗaya, ciyawa ta kai iyakar tsawonta tana rufe hanya. Disamba da Janairu tafiya tana da daɗi don babu zafi, amma hazo kan toshe nesa, sai ka sha wahalar hawa ka tarar ba ka ganin komai sai fari. Lokacin ne kuma ake cinna wa daji wuta. Maris shi ne mafi zafi, ruwan sha ya kamata ya ƙaru.

Ranar mako ma tana da tasiri ga mai motar haya. Ranar Lahadi da safe motoci kan yi ƙaranci a yawancin ƙauyukan Filato saboda jama'a na coci. Ranar kasuwa kuwa mota har yamma: kasuwar Mangu Juma'a take ci, ta Pankshin Litinin. Sai dai a irin wannan rana za ka zauna ne tsakanin buhunan masara da na dankalin Turawa, kuma komawar yamma akwai turereniya.

Maganar tsaro, ba a tsallake ta

Ƙananan hukumomin Riyom, Barikin Ladi, Mangu, Bokkos, Bassa da Wase duk sun sha fama da hare-hare da rikici a ƴan shekarun nan, kuma wasu duwatsun da suka fi kyau a cikinsu suke. Wurin da yake lafiya a wannan wata yana iya rikicewa a wata mai zuwa. Don haka labarin da ya wuce kwana biyu tsohon labari ne. Ka tambayi direbobin layin ana gobe za ka tafi, ka sake tambaya da safen. Direba shi ya fi kowa sanin hanya, domin jiya ya bi ta. In ka ji ana cewa "to, da dai sauƙi" ana jan baki, ka sauya wuri. In an sa dokar hana fita a yankin, magana ta ƙare.

Akwai haɗarin da baƙi ba su cika tunawa da shi ba: a inda ake zaman ɗar-ɗar, baƙuwar fuska a bayan gari da jaka a baya, tana ɗaukar hoto, ana iya ɗaukarta ɗan leƙen asiri. Maganin wannan shi ne kada ka shiga daji ta bayan gida. Ka sauka a mota, ka tambayi gidan mai unguwa ko dagaci, ku gaisa, ka faɗi sunanka, inda ka fito, inda za ka, da lokacin da za ka sauko. Ka roƙi a haɗa ka da ɗan gari ya yi maka jagora. Hausa tana yi maka aiki kusan ko'ina a Filato, ko a ƙasar Birom, ko ta Afizere, ko ta Angas. Ku yi cinikin ladan ɗan jagora kafin ku tashi, rabi a hannu, rabi in an sauko, kuma ruwa da abincinsa a kanka suke.

Ɗan jagora ba hanya kaɗai yake nuna maka ba. Shi zai ce maka wancan kurmin ba a shiga, wurin tsafi ne ko na al'ada, wancan kogon akwai ƙudan zuma, wannan gonar a zagaye ta. Kuma duk wanda ya gan ku tare ya san da sanin gari kuka zo.

Ka riƙe katin shaida a jikinka saboda shingayen jami'an tsaro. Kada ka sa kaya masu zanen kakin soja, ko wando ko hula ko jaka. Kada ka ɗauki adda ko babbar wuƙa, ƴar ƙaramar wuƙa mai naɗewa ta isa. Kada ka ɗauki hoton shinge, bariki ko madatsar ruwa ba tare da izini ba. Ku tafi aƙalla ku uku: in ɗaya ya ji ciwo, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya nemo taimako.

Inda za a je

Duwatsun Shere su ne wurin farawa, kuma a ganina su ne suka fi dacewa da mai motar haya. Suna gabas da Jos, kimanin kilomita 10 daga tsakiyar gari, kuma ƙololuwarsu, mai kimanin mita 1,829, ita ce mafi tsawo a tudun Jos. Daga Taminus ko mahaɗar British-America, duk a cikin garin Jos, za ka sami keke ko tasi mai zuwa wajen Lamingo. Keken layi yana da inda yake juyawa, don haka ragowar hanyar ko ka yi ciniki ya ƙarasa da kai, ko ka taka. A gindin duwatsun akwai makarantar horar da matasa ta gwamnatin tarayya, wadda aka fi sani da ta ƴan Man O' War, inda ake koyar da hawan dutse da juriya. Nan ne ya fi dacewa ka yi rajistar zuwanka ka nemi jagora. Shere ba dutse ɗaya ba ne, jerin tsaunuka ne da kwaruruka, tudun nan ya yi kama da wancan, kuma hanyoyin shanu da na masu itace sun sassarƙe. Wanda ya shiga ba jagora, hawa ba zai ba shi wuya ba, gane kwarin da ya biyo ne zai gagare shi. Fa'idar Shere ita ce kusanci: ko ka makara, gari na kusa. Amma ka tuna an hana acaɓa a cikin Jos da Bukur, keke ma akan taƙaita masa zirga-zirgar dare. Ka karɓi lambar mai keken da ya kawo ka, ku ajiye lokacin da zai dawo, kada ka biya shi kuɗin dawowa sai ya zo.

Gaba kaɗan ta wannan ɓangaren, kusa da ƙauyen Laminga, akwai dajin Amurum, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take, ƙarƙashin Jami'ar Jos. Tafiyar nan mai sauƙi ce, duwatsu ƙanana da kurmin bakin rafi, ta dace da yara da waɗanda ba su saba ba. Daji ne da ake karewa, sai da izinin masu kula da shi ake shiga, kuma ba a zuwa da kiɗa ko hayaniya. Da asuba ake zuwa in tsuntsaye ake so a gani.

Hanyar kudu maso yamma, wadda ta bi Bukur da Mararrabar Jama'a ta nufi Akwanga da Abuja, ita ce ta fi kowace yawan mota, kuma wurare biyu na kanta. Na farko Dutsen Riyom, manyan duwatsu da suka hau kan juna kamar da hannu aka jera su, ana hango su daga titi. Awa ɗaya zuwa biyu ta isa a zagaya. Kada ka yi ƙoƙarin hawa kan na sama, babu abin kamawa. Na biyu ruwan Assop, kimanin kilomita 64 daga Jos, a gindin gangaren Hawan Kibo, inda ruwa ke zubowa daga kan duwatsu cikin kurmi. Daga titi zuwa ruwan ba nisa. Ana biyan kuɗin shiga. Duwatsun bakin ruwan gansakuka ta lulluɓe su, kuma da damina ruwan yana da ƙarfin jan mutum, don haka wanda bai iya iyo ba ya tsaya inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Matsalar wannan hanya ita ce yawancin motocin na dogon zango ne. In ka shiga motar Akwanga ka ce Assop za ka sauka, wani direban cikakken kuɗi zai caje ka. Ka nemi ƙananan motocin da ke tsayawa Riyom da Hawan Kibo, ko ka daidaita da direba kafin ka zauna. A dawowa kuma motocin da suka fito daga Abuja a cike suke zuwa, sai ka yi haƙurin jira, shi ya sa awa ɗayar da aka cire a lissafi take da amfani. Haɗa Riyom da Assop a rana ɗaya yana yiwuwa in ka fara da Assop, mai nisan, ka biyo ta Riyom a dawowa.

Hanyar kudu maso gabas tana bi ta Heipang, Barikin Ladi, Mangu, sannan Pankshin. A ƙasar Mangu, wajen Kerang, akwai tsaunukan da suka taɓa aman wuta a zamanin da, masu siffar mazurari a kife, ƙasarsu ja da baƙa, kuma a yankin ne tafkin Ampidong yake a cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta. Daga Kerang ne ruwan kwalba na SWAN ke fitowa. Zuwa nan mota biyu ce ko uku: Jos zuwa Mangu, Mangu zuwa mahaɗa, sannan acaɓa. Kowane canjin mota ka ba shi minti 30 zuwa 45 na jira a lissafinka, zuwa da dawowa. Pankshin kuma, kimanin kilomita 120 daga Jos, gari ne a cikin duwatsu, da gonakin da aka yi wa matakala da jeren dutse a jikin gangare. Wannan ba tafiyar yini ɗaya ba ce. Ka kwana a garin, ka hau da safe.

Dutsen Wase, wanda ya miƙe sama kimanin mita 350 shi kaɗai a fili, sama da kilomita 200 yake daga Jos ta Langtang. Ba a hawansa da ƙafa, bango ne tsaye. Kallo ake yi a zagaya gindi. Can ƙasa ce mai zafi, ba sanyin Jos, kuma sai an tabbatar da lafiyar hanya.

A tasha

Ka isa tasha kafin bakwai. Motar farko ita ce mai saurin cika. Ka leƙa ciki ka ƙirga fasinjan gaske da kayansu, don wani lokaci akan zaunar da mutane a mota a ja hankalin fasinja. In kujera ɗaya ta rage kuma lokaci na tafiya, ku haɗa kuɗi ku biya ta, ya fi asarar awa guda. Jakarka ta zauna a cinyarka, kada ta shiga but a ɗora mata buhu. Ka gaya wa direba da yaron mota inda za ka sauka tun kafin a tashi, ka sake tuna musu a hanya. Ka riƙe tsabar kuɗi, ƙananan takardu, domin a ƙauye sabis kan ɗauke, tiransifa ta ƙi tafiya. Kuɗin komawa ka ware shi a aljihu daban, ninki biyu na abin da ka biya a zuwa, saboda kuɗin yamma ya fi na safe, kuma wataƙila sai ka yi shatar acaɓa zuwa babban titi.

Da ka sauka, kafin ka juya baya, ka sa alamar wurin a taswirar wayarka, ka dubi abin da ke wurin, ko mai shayi ne ko gada ko coci ko masallaci, ka tambayi mutanen wurin a wane gefe ake tsayawa jiran motar Jos.

Abin da za ka ɗauka

Ruwa lita 3 ga kowane mutum a tafiyar yini, wato ledar fiya wata shida, lita 4 in lokacin zafi ne. Ka juye shi a gora, don leda tana fashewa a jaka. Sanyin Filato yana yaudara: iska tana busar da gumi, ba ka jin ƙishi, sai ciwon kai ya kama ka. Ka riƙa kurɓa duk bayan minti 20. Kada ka sha ruwan ƙorama, shanu na sha a sama da kai. Abinci wanda ba ya lalacewa kuma ba ya nauyi: dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kilishi, burodi, dafaffen ƙwai, ayaba.

Takalmi shi ne abin da ya fi komai. Kambas mai ƙasan roba mai zane, wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi. Sabon takalmi bororo yake kawowa, silifas da takalmi mai ƙasan fata kuma zamewa suke a kan fa. Safa mai kauri, da wata a jaka. Dogon wando saboda ƙaya, kaska da maciji. Hula mai baki. Rigar sanyi ko da ka fito cikin rana, domin duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kimanin digiri 6, ga iskar ƙololuwa a kan jiki mai gumi. Da damina a ƙara rigar ruwa. Mata su zaɓi hijabi gajere da wando a ƙarƙashin doguwar riga, don zani da dogon hijabi suna kama ƙaya suna harɗe ƙafa a wurin hawa.

Sai tocila ta gaske ba ta waya ba, fawa bank, usur, bandeji mai naɗewa guda biyu, filasta, maganin ciwon jiki, da ƙunshin gishiri da sukari na kemis. In babu, a lita ɗaya ta ruwa a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ka sauke taswirar yankin a waya tun kana gida yadda za ta buɗe ba intanet. Jakar duka kada ta wuce kilo 6 ko 7. Ga mai salla, alƙibla daga Jos gabas ce da ɗan karkata arewa, kimanin digiri 65, kuma ruwan alwala a lissafa shi daban da na sha.

Ka bar wa wani a gida saƙo a rubuce: inda za ku, su wa da wa, lambar ɗan jagora, da lokacin da in bai ji daga gare ku ba zai fara nema.

A kan dutsen

Rabin awar farko ku tafi a hankali har ya zama kuna iya hira ba haki. Mai rauni a gaba bayan jagora, mai ƙarfi a baya. Hutu minti 5 zuwa 10 duk awa, in ya fi haka jiki yana yin sanyi.

Yawancin duwatsun nan falale ne masu siffar ƙwarya a kife, kuma wannan siffa tana da tarko. In kana hawa, ƙasan ne mai tsauri, saman yana ƙara kwanciya, sai ka ji daɗi. In kana saukowa abin ya juye: kana farawa a shimfiɗe, gangaren yana ƙara tsayuwa a hankali, kuma ba ka ganin gindinsa don dutsen ya lanƙwashe ya ɓoye shi. Mutum yakan bi har ya kai inda ba gaba ba baya. Ƙa'idar ita ce kada ka sauka ta fuskar da ba ta ita ka hau ba, sai in jagora ya san ta. A kan fa ka taka da tafin ƙafa duka, jiki a miƙe. In ka kwanta jikin dutse don tsoro, nauyinka ya bar kan takalmi, a nan ne ake zamewa. Baƙin zanen da ka gani ya gangaro a jikin dutse hanyar ruwa ce, ko ya yi kamar ya bushe kada ka taka shi.

Duk inda hanya ta rabu, ka tsaya ka waiga ka ga yadda wurin yake ta fuskar mai dawowa, ka ɗauki hoto. Wuri ɗaya kamanni biyu gare shi.

A kusa da ƙauyuka za ka ga shingen ƙerana ya kewaye gonaki da gidaje. Kada ka kutsa ta ciki, kada ka karya reshensa. Farin ruwan da ke fita daga jikinsa yana ƙona fata, in ya shiga ido kuma bala'i ne. In ya taɓa ido a yi ta wanke shi da ruwa mai tsabta na minti 15 ko fiye, a nufi asibiti. Gonar acca da ta dankali a bi gefe. In kun haɗu da garke, ku yi wa makiyayi sallama daga nesa, ku zagaye, kada ku raba shanu biyu, saniya mai ɗan maraƙi ba ta da wasa.

Tafkunan da suka warwatsu a filayen Bukur, Rayfield da Barikin Ladi ramukan haƙar kuza ne da aka bari tun zamanin kamfanonin Turawa. Ruwansu a kwance, gwanin kyau a hoto, amma bakinsu a tsaye yake, zurfinsu ba a gani, kuma sun ci mutane da yawa. Ba a wanka a ciki. A filayen kuma akwai ƙananan ramukan masu haƙar hannu, masu zurfi kamar rijiya, ciyawa ta rufe bakinsu. Inda ka ga tarin jar ƙasa ko farin yashi, kada ka bar hanya.

In abu ya ɓaci

Hadari: in tsakanin walƙiya da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, aradu na kusa. Ku bar ƙololuwa, ku nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, bakin kogo da turakun sadarwa. Ku gangara wuri mai ƙasa wanda ba hanyar ruwa ba, ku tsuguna nesa da juna. Ƙoramar da ta cika ta yi ja ba a tsallaka ta in ta kai gwiwa. A jira, irin wannan ruwa yakan janye bayan an ɗauke.

Wutar daji ta fi gudu in tana hawa gangare, don haka kada ka guje mata ta sama. Ka yi gefe, ko ka hau falalen dutse mara ciyawa, ko ka shiga inda ta riga ta cinye.

Maciji: kada ka zura hannu a tsagar dutse, kada ka tsallake gungume ba ka ga bayansa ba. In an yi sara, a kwantar da mutum, a cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure jijiya tamau. Asibiti mai allurar dafin maciji za a nufa kai tsaye, ko da mutumin yana cewa ba ya jin komai, domin dafin kububuwa jini yake tsinkawa kuma alamarsa kan yi jinkiri. Kububuwa ta fi yawa a ƙasan tudu wajen Langtang da Wase, kuma asibitin Zamko da ke yankin Langtang ya shahara da kula da saran maciji.

Targaɗe a idon sawu, wanda ya fi faruwa a saukowa in an gaji, a naɗe shi da bandeji a mayar da takalmi, a samo sanda, a juya nan take. Tafiyar da ta ci awa ɗaya yanzu biyu za ta ci.

In kun ɓata, ku tsaya. Ku koma wuri na ƙarshe da kuka tabbatar da shi. Kada ku bi ƙorama da tunanin za ta kai ku gari, a nan ƙorama takan kai mutum bakin kwazazzabo ne. Sabis ya fi samuwa a kan tudu, saƙon rubutu yakan fita inda kira ya ƙi. Lambar gaggawa 112 ce, amma a aikace lambar mai unguwa da ta direbanka sun fi saurin kawo ɗauki.

In kuma duk da lissafin motar ƙarshe ta wuce ku, kada ku kama titi da ƙafa cikin duhu, kada ku shiga motar da ba ta layi ba wadda ta tsaya da kanta. Ku koma wurin mai unguwar da kuka gaisa da shi da safe, ko ofishin ƴan sanda ko shingen tsaro mafi kusa, ku kira gida, ku kwana. Motar farko mai kai kayan gwari Jos tun asuba take tashi.